Katangar Maigandi

Maigandi bai iya aikin wasa ba, kuma wannan halin ne ya cuce shi.

Daga Konni ya zo aikin Hajji a 1992, zuciyarsa ta ƙi barin Madina. Wani dattijo mai suna Abdussamad, Bahaushen unguwar Ƙurban da aka haifa a nan, ya yi masa iƙama, wato takardar zama, ya kai shi gonarsa ta dabino a wani kwari tsakanin duwatsun yamma da gari. Muddin gonar na raye, takardar zamansa na raye. Shi kuwa Maigandi ba abin da yake so a duniya kamar ya tsufa a Madina, a binne shi a Baƙi'a.

A cikin duwatsun nan sai a shekara biyu ba a ga ɗigon ruwa ba, rana ɗaya kuma ambaliya ta gangaro alhali sama tana tas. Manoman wurin da tudun ƙasa zalla suke tare ta. Ƙaramin ruwa ya tsaya ya shayar da dabino, babba ya ɓalle tudun ya wuce abinsa, su sake tarawa. Maigandi ya ga wannan lalaci ne tsagwaronsa. Mutum da ƙarfinsa ya yi ta gina abin da ya san zai rushe?

Abdussamad ya ce masa, "Ya Maigandi, bar shi yadda ka same shi. Ruwan dutse ba a yi masa gardama."

Ya ce to. Dattijon na rasuwa Maigandi ya fara ɗauko duwatsu a ka. Shekara shida yana jerawa yana liƙewa da siminti, har katanga ta fi shi tsawo. Maƙwabta sukan tsaya su kalla, su yi masa sannu, su wuce. Shi a zatonsa hassada ce.

A sanyin 2005, da hantsi, ruwan ya zo. Tudun maƙwabta duk suka ɓalle suka ba shi hanya. Katangar Maigandi ta riƙe, kamar yadda ya so, har kwarin ya cika maƙil. Sannan ta fashe gaba ɗaya. Duwatsun da ya ɗauko da kansa su suka karya dabino saba'in, ruwa ya kwashe ƙasar noman ya bar tsakuwa. Cikin sati biyu maƙwabta sun sake tara tudunsu.

Fahad, babban ɗan marigayin, ya zo ya zagaya wurin bai sauka daga mota ba.

"Ya ammi," ya ce, "mafi mazra'a. Baffa, babu gona. To iƙama a kan me za a sabunta?"

Maigandi, yana da shekara sittin da ɗaya, ya roƙa a bar shi a Madina ko da shara zai riƙa yi. Fahad ya ce zai ga abin da zai iya yi masa. Kuma bai yi ƙarya ba. Ya samo masa kujera ta kusa da taga a motar Jidda, ta waɗanda za a mayar ƙasarsu.