Buhunan da Ke Ƙuryar Ɗakin Mama

A kakar waccan shekara ba wanda ya zuba amfanin gona a rumbu a ƙauyenmu. 'Yan bindiga sun shiga wani gari da ke yamma da mu, sun kwashi abin da za su iya, suka cinna wa rumbuna wuta. Daga nan kowa ya ce gara hatsinsa ya kwana kusa da kansa. Baba ya casa masararmu, aka ɗura a buhuna, aka jera su a ƙuryar ɗakin Mama har sun kusa taɓa rufi. Labule kawai ya raba su da gadon da Mama take kwana da autarmu, wadda ba ta daɗe da shiga firamare ba.

Ina gida lokacin, an ba mu hutu daga kwaleji. Ɗakina yana kusa da zaure, can nake wuni da littattafaina. Ta taga na hango Baba wata rana yana ƙulle wasu ƙwayoyi masu launin toka a tsumma, yana cusa ɗaya a kowane buhu. Maganin ƙwari ne da ake kira bam, ya sayo a kasuwar Malumfashi. Kowa yana sa shi. Amma da can a rumbu ake sa shi, a bayan gida, inda ba mai kwana.

Bayan haka Auta ta fara cewa ɗakin yana warin tafarnuwa. Muka yi mata dariya. Baba ya ce, "Ke dai hancinki ya fi na kyanwa."

Ranar Lahadi Mama ta tashi da ciwon kai da jiri, ta ce mu tafi sujada, ita da Auta za su ɗan kwanta. Abin ya tsaya mini a rai, domin ban taɓa ganin ta rasa sujada ba, ita ce ma mai ba da waƙa a zumuntar mata. Da muka dawo muka tarar da ita zaune a bakin ƙofa, Auta a cinyarta. Yarinyar ta yi amai har ta gaji, leɓunanta sun yi duhu, numfashinta sama sama kamar wadda ta yi gudu.

Baba ya ruga gidan Alhaji, maƙwabcinmu da yake da a-kori-kura. Ya same shi ana yi masa lodin waken suya da zai kai Funtua washegari.

"Ku sauke, ku sauke!" in ji Alhaji ga masu lodin. "Dattijo, ɗauko ta. Wake ba ya mutuwa."

A bayan motar muka zauna. Mama ta rungume Auta, bakinta yana motsi. Na matsa don in ji ko wani abu take so, sai na ji suna ɗaya take maimaitawa, Yesu, Yesu, duk ramin da motar ta faɗa sai ta ƙara ƙarfin riƙon.

A asibiti wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai gilashi, ta karɓi Auta. Aka sa mata ƙarin ruwa da robar iska a hanci. Matar ta shiga tambaya. Me ta ci? Wane ruwa kuke sha? Akwai mai gudawa a gidan? Duk Baba ya amsa. Sai ta dubi Mama da ke dafe da kai, ta ce, "Mama, ke ma ba lafiya gare ki ba. Ɗaki ɗaya kuke kwana?"

"Ɗaki ɗaya."

"Me ke cikin ɗakin?"

Kunya takan ɗaure mini harshe a gaban baƙi, amma na ce a hankali, "Akwai masara. Kuma yarinyar ta ce tana jin warin tafarnuwa."

Matar ta juya ga Baba. "Baba, kun sa bam?"

Ban manta fuskarsa ba. Ya cire hularsa ya riƙe ta da hannu biyu. Mutumin da yake tsayawa gaban ikkilisiya ya yi wa'azi ba takarda, ya kasa cewa e.

Da likita ya zo ya duba Auta, bai ɓoye mana komai ba. Ya ce iskar maganin ce ta shaƙa, kuma ba ta da makari. Za su taimaki numfashinta, su lura da zuciyarta. Idan jikinta ya jure zuwa gobe, akwai sa rai. Ita ma Mama ya ce a ba ta gado, ta ce a sa mata ruwan a kan kujera, kusa da 'yarta.

Bayan azahar Goggo ta iso a kan mashin. Yayar Baba ce, ita ta goye shi, kuma ita kaɗai ce a gidansu ba ta bar al'adar kakanni ba. Ta leƙa Auta, ta fito baranda, ta kira Baba kamar yadda take kiransa tun yana yaro.

"Kai, ɗan ƙanena, me suka ce?"

"Sun ce ba makari, Yaya."

"To zaman me kuke yi? Su da bakinsu sun ce ba su da magani. Wannan ba bam ba ne, jifa ne. Kowa ya sa bam a garin nan, don me sai taka? Ɗauko ta. Akwai tsohon nan na bayan dutse wajen Bakori, ya tashi waɗanda suka fi ta nisa."

Na ɗauka Baba zai yi murmushi ya ce mata a'a, kamar yadda ya saba. Sai ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi motar Alhaji da ke ƙarƙashin dalbejiya. Na san idan aka zare robar nan daga hancin Auta, ba za ta kai bakin titi ba. Na san haka sarai, amma Goggo ce, kuma Baba ne, ni wace ce da zan sa baki?

"Ke 'yar boko, daina zare mini ido," in ji Goggo. "Je ki naɗe kayanta."

Na shiga ciki na durƙusa kusa da Mama na faɗa mata.

Mama ta miƙe. Ta kama ƙarfen da aka rataye ruwanta, ta jawo shi har bakin ƙofa, tana tangaɗi.

"Yaya, sannu da zuwa. Na gode da kika taso. Amma yarinyar nan ba inda za ta."

"Za ki zuba ido ta mutu?"

"Ban sani ba ko za ta mutu. Ranar da aka haife ta na miƙa ta ga Ubangiji a gaban jama'a, ke ma kina wurin, kin ci tuwon. Ban ce masa na ba ka idan da daɗi, in da wuya zan karɓe ba. Ga masu aiki ya ba mu suna yi. Idan ya bar mini ita, na gode. Idan ya ɗauke ta, to a hannunsa za ta tafi, ba a bayan mota ba."

Sai ta juya ga Baba. "Maigida, zo ka yi mana addu'a."

"Da wane baki?" ya ce. "Ni na sa shi. Da hannuna."

"Na sani. Ni kuma na share ƙuryar na ce a jera su nan. Abinci ka so ka tsare mana. Zo, ƙafafuna ba za su ɗauke ni ba."

Ya shigo. Muka durƙusa a gefen gadon, ya ɗora hannu a ƙafar Auta. Ya ce, "Ya Uba," sai kuka ya ci ƙarfinsa. Ban taɓa jin kukan Baba ba sai ranar. Mama ta jira shi, ba ta karɓi addu'ar ba. Da ya samu numfashi ya ce, "Ka ga abin da na yi. Ka ga yarinyar. Ba mu da kowa sai kai." Iyakarta ke nan. Muka ce amin.

Goggo ba ta tafi ba. Ta zauna a baranda ta juya mana baya, tana ta ƙunƙuni. Da yamma matan zumunta suka zo da kuloli, suka shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin dalbejiya suna waƙa ƙasa ƙasa don kada su dami marasa lafiya. Alhaji ya dawo daga sallar la'asar ya leƙo ya ce, "Dattijo, na sa ta a addu'a. Allah ya tashi kafaɗunta." Ya ƙi komawa gida.

Ni aikina kallon ƙirjin Auta. Ya ɗaga, ya sauka, sai in jira na gaba. Wani lokaci yakan yi jinkiri har in miƙe, sannan ya ɗaga. Na so in yi doguwar addu'a irin ta Mama, amma abin da ya zo bakina shi ne, Ubangiji, ƙara mata ɗaya. Da ya ɗaga sai in sake roƙon wani. A haka gari ya waye.

Da hantsi likita ya daɗe da abin awonsa a ƙirjinta. Ya ce zuciyar ta fara daidaita, amma kada mu yi gaggawar murna. Bai kai ƙofa ba Auta ta buɗe ido. Ta dubi rufi, ta dubi Mama, ta kai hannu za ta cire robar hancinta.

"Bari, bari, uwata," in ji Baba, ya riƙe hannun.

Ta yamutsa fuska. Da wata 'yar murya ta ce, "Baba, nan ma wari yake."

Mama ta zame daga kujera ta kifa goshinta a kan katifar. Goggo ta leƙo daga ƙofa, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce da ni, "Ke, maimakon ki tsaya kamar turke, je ki gaya wa matan can su dama kunu."

Baba bai jira an sallame mu ba. A ranar ya bi Alhaji gida, suka ɗaure hanci da rawani, suka fitar da buhunan ɗaya bayan ɗaya zuwa tsohon rumbun bayan gida.