Safiyatu Ba Ta Cewa Da Sauƙi

Duk unguwar Karmo an san Safiyatu mai lalle da abu biyu: zanen da take wa amare, siriri kamar zare, da kuma baki. Tambaye ta ya jiki ka sha mamaki, don ba za ta ce maka da sauƙi ba.

Da ba haka take ba. Lokacin da hawan jinin ido ya kama ta, 'yarta Kauthar, mai aiki a ma'aikatar gwamnati, ta kai ta wani asibitin kuɗi mai sanyi da kujerun laushi. Likitan akwai fara'a, wallahi. Kullum sai ya ce, "Mama, ya idon?" Ita kuwa 'yar mutunci, tarbiyyar gidansu, ta ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya sake rubuta mata maganin ɗigawa, awo kuwa sai in ya tuna. A haka, ana murmushi ana godiya, idon hagu ya tafi.

Saura na dama, kuma da shi take ci.

Ta koma asibitin gwamnati, inda benci ke cinye wa mutum yini. Ranar da layi ya zo kanta, likita Thaddeus ya gaji liƙis, ko ɗago kai bai yi ba.

"Mama, ya ido? Da sauƙi ko?"

"Babu sauƙi."

Kauthar ta taɓa ta. "Haba Umma, ki gode wa Allah mana."

"Na gode masa tun da asuba, ba shi ya tambaye ni ba. Likita, jiya na zana wa amarya fure, ban ga ƙaramin yatsanta ba sai da na juya kai. Auna ni."

Ya ce na'urar tana wani ɗaki, ga mutane, ta dawo wani watan. Ai kuwa ta tuɓe takalmi ta gyara zama.

"Ɗana, an taɓa sallamata da fara'a na rasa ido. Kai ko fara'ar ba ka da ita. Ba inda za ni."

Kunya ta kama Kauthar kamar ta nutse. Nas Angela ta yi tsaki, amma ta ja Safiyatu zuwa ɗakin awon. Da sakamako ya fito, likita ya ajiye biro, ya dube ta sosai. Ya ce maganin ya daina riƙe idon, sai aiki, kuma cikin makon nan. Da an jira wani watan da ya ce, da an yi latti.

Tsoro ya kama ta. Ta sa takalmi za ta fita, sai ga wani dattijo ya shigo yana laluben kujera.

"Baba, ya ido?"

"Da sauƙi, likita."

Safiyatu ta juyo daga bakin ƙofa.

"Ƙarya yake! A gabana ya yi karo da bango. Ku auna shi."