Ranar da Inna ta yi gaisuwa ta tagar mota

Ranaku da yawa sun shige mini ba tare da na riƙe komai nasu ba, amma ranar da na kwashi iyalina daga Rabah zuwa Goronyo tana nan daram a raina, kuma ba na jin za ta goge har in koma ga Mahaliccina.

Lokacin 'yata ta fari tana firamare. Ta je hutu wani ƙauye wurin ƙanwar mahaifiyarta, 'yan bindiga suka shiga garin. Allah ya tsare, ko ƙwarzane ba ta samu ba, amma yarinyar da muka sani da surutu kamar rediyo ta dawo mana shiru. Tana ci, tana zuwa makaranta, sai dai dariya ta ɗauke mata ɗif. Abin ya dame ni fiye da yadda nake nunawa.

Wata rana ta ga hoton yara suna wasa a bakin teku cikin wayar mahaifiyarta. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba, ruwa na kai haka yawa?" Ni kuwa teku ta fi ƙarfina, amma dam ɗin Goronyo bai gagare ni ba. Nan take na yi mata alkawarin kai ta idan an yi hutu.

Ashe rigima na tayar. Mahaifiyata, wadda kowa ke kira Inna, tana ji ta ce, "Ruwa? Mi za ta gani ga ruwa? A kai ta ziyara Wurno ta ga hubbare, ta ga inda kakanninta sunka zamna, a yi mata addu'a." Maiɗakina ta sunkuyar da kai ta ce, "Inna, ba tarihi taka so ba yanzu, wurin da za ta sake taka so." Kowacce tana da gaskiyarta, kuma duk don yarinya ɗaya suke yi. Ni da nake ganin kaina gwanin sulhu sai na yanke cewa za mu yi duka biyun: ziyara da safe, bakin ruwa bayan azahar. Na ari motar wani abokin aikina. Sharaɗi ɗaya ne, dole mu kamo hanyar gida kafin rana ta yi sanyi, domin a lokacin ba mai hankalin da ke bari yamma ta riske shi a wannan hanya.

Abin da lissafina bai ɗauka ba shi ne a Wurno aka haifi Inna. Hubbaren bai ci mana lokaci ba. Muka tuɓe takalma, muka yi addu'a, ƙannen yarinyar maza suka saki baki suna jin tarihin garin. Fitowarmu ke da wuya sai gaisuwa ta fara. A wurin su Inna, wuce ƙofar ɗan'uwa ba ka shiga ba daidai yake da zagi. Idan ka shiga sai ka zauna, idan ka zauna sai an dama fura, kuma ba a tashi ba a sha ba. Nan a yi ta'aziyyar wanda ya rasu bara, can a yi barkar jaririn da har ya fara rarrafe. Na sha fura ranar har na ji tana motsi a cikina idan na taka.

Ita kuwa 'yata tana biye da mu, rungume da ɗan bokitin roba da ta ɗauko tun daga gida don ta ɗebi ruwan dam. Ba ta yi ƙorafi ba ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Da muka bar Wurno azahar ta gota. Saura gida ɗaya, kuma shi ne babba: gidan Kawu, yayan Inna, a Marnona. An aika masa tun jiya, har ya sa an yanka zabi. Muna isa muka hango shi a ƙofar zaure kan tabarma, dattawan unguwa kewaye da shi. Na san idan muka sauka, zancen Goronyo ya ƙare. Amma wane ni in ce wa uwata kada ta gaida yayanta? Ta madubi na ga 'yata ta dubi rana, ta sunkuya a hankali ta tura bokitinta ƙarƙashin kujera.

Ashe Inna ma ta gani. Na kai hannu ga makulli ke nan ta ce, "Kak ka kashe motag ga." Ta sauke gilashi, ta leƙa kai ta kwaɗa sallama.

Kawu ya taso da sandarsa ya ce, "Ke, lahiya? Mi ya hana ki sabkowa?"

Inna ta ce, "Yaya, ka gahurta mini, yau ba ni sabka. Jikata anka yi ma alkawarin ruwa, kuma ni ac cinye mata rana. Ni ka dawowa da ƙahwata in ɗauki hwaɗanka."

Tsohuwa mai furfura tana gaida yayanta daga cikin mota, a gaban mutane, abu ne da ban taɓa gani ba. Kawu ya juya ya koma kan tabarmarsa. Inna ta ɗaga gilashi ta ce, "Mu tahi." Ban taɓa alfahari da ita kamar wannan lokaci ba.

Mun isa dam da ɗan sauran lokaci. Ruwa ya shimfiɗe iya ganin ido, masunta na jan kwalekwale can gefe, mata na sayar da soyayyen kifi. Samarin nawa suka ruga, amma 'yata ta toge nesa da bokitinta. Sai Inna, wadda ta ce ba abin gani a ruwa, ta tuɓe takalmi, ta tattare zane, ta tsunduma ƙafa a gaɓa. Santsi ya ɗebe ta, ta zauna daɓas cikin ruwa, ɗankwali ya karkace. Kafin in kai gare ta na ji wani sauti a bayana da na yi watanni ban ji ba. 'Yata ce ke dariya har da riƙe ciki. Inna ta watsa mata ruwa ta ce, "Ja'ira, kakarki kika ma dariya? Taho ki tashe ni." Ta sheƙo da gudu. Ni dai na juya ina duban masunta, don kada yara su ga idona.

Kawu ya yi fushi sosai. Sai da Inna ta koma a motar haya ta kwana biyu a gidansa kafin ya huce. Yau dukansu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. 'Yata kuwa ta girma, kuma sai mun roƙe ta take yin shiru.

Har yanzu idan abokai suna gardamar wanne ya fi wa iyali, bakin ruwa ko yawon ganin wuraren tarihi, ba na shiga. Abin da ranar nan ta koya mini shi ne kafin ka zaɓi inda za a je, ka fara duba fuskokin waɗanda za ka ɗauka. Ni na tsara tafiyar, amma Inna ce ta lura da bokitin da aka tura ƙarƙashin kujera.