Mafarkin Mma a Bakin Memuna

Shekarar da aka rufe lakwal, wato makarantun boko, aka shiga yajin aikin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Baba ya kwashe mu daga Dapaong ya kai mu Sokodé wurin mahaifiyarsa. Ina da shekara goma, ƙanwata Memuna shida. Mma, mahaifiyarmu, ta shekara uku da rasuwa. Baba direban babbar mota ne, yana jigilar albasa zuwa Lomé, hanya kuwa ta lalace. Yau samari sun tare ta da itatuwa da tayoyi, gobe masu bindiga ne. A wata tarewa aka kwashe takardun da ke cikin motarsa aka watsa a wuta, har da katin shaidar Mma da yake ajiyewa a aljihun mota. Hoton da ke jikin katin nan shi kaɗai ne hotonta a duniya.

Da Baba ya gaya mana ban yi kuka ba. Cewa na yi a raina, ai ina da ita a cikin kaina. Sai da na kwanta na nemi fuskar, na tarar babu. Ina tuna zanenta mai ruwan toka, ina tuna muryarta da ƙamshin man kaɗanya a hannunta, amma fuskar ta shafe. Tun daga ranar ba ni da wani buri sai in sake ganinta, ko da sau ɗaya.

Gidan Kaka a unguwar Kpangalam yake, ɗaki biyu da tsakar gida da bishiyar mangwaro guda. Koko da ƙosai take sayarwa. Da an idar da isha'i ba mai fita, saboda dokar hana yawo, sai mu kewaye murhu tana tace gasarar gobe tana ba mu tatsuniya. Rediyon maƙwabcinmu na ta surutun siyasa da Faransanci ta bayan katanga, ita ko a jikinta. Kaka mutuniyar mafarki ce. Da safe kafin ta amsa gaisuwa sai ta ce, "To, me aka gani?" Wanda ya ce bai ga komai ba, kokonsa ba suga.

Ita ta lura ina ramewa. Da ta matsa mini na faɗa mata, sai ta tashi ta kwaɓa lalle. Ta ɗiga mana guda-guda a tsakiyar tafin hannun hagu, ni da Memuna.

"Da rana, duk sanda kuka tuna, ku duba hannun nan," in ji ta. "Ku tambayi kanku, ido biyu nake ko barci? Ran da kuka duba cikin mafarki, ɗigon zai ɓace, ko ya zama biyu. Nan za ku gane mafarki kuke yi. To sai ku nemi wadda kuke so."

Ta kuma koya mana zaman shiru. Bayan tatsuniya sai mu yi alwala, mu zauna muna kallon garwashi, kowa yana bin numfashinsa, shigarsa da fitarsa, har zuciya ta kwanta yadda gasara ke kwanciya a gindin roba. Sai mu kira sunan Mma a zuci mu je mu kwanta. Abin da ta fi nanatawa kuwa shi ne farkawa. "Mugun mafarki ne ake tofi a juya kwanciya. Mai daɗi, in kin farka kar ki motsa, kar ki buɗe ido, kar ki yi magana. Ki yi lamo a gefen da kika farka. Ƙofarsa ba ta gama rufuwa ba, kina iya komawa."

Ni na ɗauki abin da zafi. Ina duba hannuna a wurin ɗebo ruwa, ina dubawa a layin niƙa, har matan unguwa suka fara tambaya ko ƙaya ce ta soke ni. Memuna kuwa ko a kwalar rigarta. Ana fara zaman shiru take gyangyaɗi, yawu na zuba a gwiwarta. Amma kwana tara da sa lallen, da safe Kaka ta ce me aka gani, sai yarinyar nan ta ce, "Na ga Mma."

Na ce ƙarya take. Me 'yar shekara uku ta sani a lokacin? Sai ta ce Mma tana soya wagashi, cukun Fulani, a ƙofar gidanmu na Dapaong, ga tabon ƙunar mai a wuyan hannunta na dama. Tabon nan gaskiya ne. Ni kaina na manta da shi sai da ta faɗa. Kaka ta ƙara mata ƙosai biyu, ni kuwa na ture kokona gefe.

Kishi nake ji, ba na ɓoyewa. Ni ce na san Mma, ni na yi mata aike, ni na riƙe mata kofi ran da ta kasa riƙewa. Ga shi tana tsallake ni tana zuwa wurin mai gyangyaɗi. Kusan kullum Memuna da sabon labari. Wanda ya ƙarasa ni shi ne na kasuwar Korbongou. Ta ce ta ga Mma ɗauke da tumatir, ruwan sama ya tsuge, ta sauke tumatir ɗin ta kifa mata faranti a ka, suna ta dariya. Wannan ranata ce. Ni aka kifa wa farantin, kuma lokacin ko cikin Memuna ba a yi ba. Na ce a raina, ba ta bar mini uwar ba, yanzu har ranata ta ɗauke.

Na ja ta bayan mangwaro na ce, "Yaya fuskarta take?"

Ta ce, "Yaya, ban gani ba. Kullum baya take ba ni."

Ban yarda ba. Na ɗauka rowa take yi mini.

Daga nan na fara mugunta. Tabarma ɗaya muke kwana, Kaka tana kan gado a gefenmu. Ina farkawa da asuba nake zabura in zauna, in leƙa fuskar Memuna. In na ga ta yi lamo, idonta a rufe, na san ƙoƙarin komawa take. Sai in girgiza ta, in mirgina ta ɗaya gefen, in ce, "Tashi ki yi salla, raguwa." Ba ta kai ƙarata, sai dai hawaye. Wata rana ina yi mata wanka na sa toka da lemun tsami na dirje tafin hannunta har ya yi ja. Lallen Kaka bai fita ba.

Daren ranar, Kaka ta dubi hannun, ta dube ni. Ta gyara itacen murhu ta ce, "Ga wata ta iso, ku ba ta wuri." Muka ce, "Ta zauna mu ji ta."

Ta ce wasu fatake biyu ne, abokan tafiya, suka yada zango a Sansanne-Mango, bakin kogin Oti. Ruwa ya cika, ba halin ƙetarewa, guzuri ya ƙare. Kullum da yunwa suke kwana. Amma ɗayan yakan tashi da safe yana gyatsa, ya ce a mafarki wata tsohuwa ta kawo masa tuwo da miyar kifi. Ɗayan kuwa hanjinsa sai kuka. Haushi ya kama shi, ya ce yau sai ya ga tsohuwar nan mai son kai. Ya yanko sanda ya zauna a kan abokinsa yana gadi, kwana ɗaya, kwana biyu, har bakwai. Bai ga kowa ba, abokin kuwa sai ƙiba yake, shi yana bushewa. A dare na takwas jiri ya kayar da shi, barci ya sace shi. Sai ga tsohuwa da akushi biyu a ka. Ya ce, "Iya, me na yi miki?" Ta ce, "Ɗan nan, kullum da akushi biyu nake zuwa. In na zo na tarar da idonka a kan na wani, ina zan ajiye naka? Sai in juye wa mai barci, kada ya lalace."

Kaka ta kakkaɓe hannu ta ce, "Nan na ajiye ta, mai so ya ɗauka."

Ni ban ɗauka ba. Abin da na ji kawai shi ne Kaka ma ta bi bayan Memuna, ta mai da ni mai sanda a gaban mutane. Na daina mirgina yarinyar don kunya, amma ban daina zabura da asuba ina leƙa fuskarta ba. Har aka buɗe lakwal, Baba ya zo ya mai da mu Dapaong, ban taɓa cewa na ga komai ba. Lallen ya goge, na bar zancen. Abin da bai goge ba shi ne ɗacin da ke tsakanina da ƙanwata. Muka girma, muka yi aure, muna zumunci yadda ya kamata, amma in ta ambaci Mma sai in tashi in ba ta wuri.

Sai da Kaka ta rasu muka sake kwana ɗaki ɗaya. Mun je Kpangalam sadakar arba'in, kowacce da 'ya'yanta, gida ya cika, aka shimfiɗa mana tabarma a ɗakin marigayiya. Da asuba na zabura na zauna kamar yadda na saba, sai na ga Memuna ido biyu tana murmushi.

"Yaya, ashe har yanzu ba ki daina ba."

"Daina me?"

"Hira da Mma. Yanzun nan kina ce mata wagashin ya ƙone."

Na ce ban gane ba. Ta tashi zaune ta ce ai tun muna yara haka nake. Gab da asuba sai in fara magana cikin barci, tiryan-tiryan, ina kiran Mma, ina faɗin abin da take yi. Ita kuwa maganata ce ke tashinta. Sai ta yi lamo yadda Kaka ta ce, tana saurare, barci ya sake ɗaukarta, ta ga abin da ta ji. Tabon, tumatir, farantin, duk daga bakina ta samo su. Ta ce ita a lokacin ta ɗauka na sani, ta ɗauka haushin da nake ji na shigar mini mafarki da take yi ne.

"Kaka fa?" na ce.

"Tana ji mana, gadonta na nan. Na taɓa ce mata in gaya miki? Ta ce a'a, wannan mai zafin kan in ta ji, sai ta ƙi barci don ta saurari kanta."

Na yi dariya har ta koma kuka. Ashe kullum Mma tana zuwa wurina. Ni ce nake zabura in rufe ƙofar da hannuna, don in ga abin da ƙanwata ta samu. Kuma in faɗi gaskiya, ko a wannan asubar sai da wani sabon kishi ya taso mini, don ita ta ji duk abin da na ce wa Mma, ni ban ji ko kalma ɗaya ba.

Na ce, "To fuskar fa?"

Ta ce, "Ba ki taɓa faɗinta ba, Yaya. Abin da kike ƙarewa da shi kullum, Mma ki juyo. Sai ki zabura."

Yanzu na haura arba'in. 'Ya'yana suna yi mini dariya in sun ga ɗigon lalle a tafin hannuna, su ce wane irin ƙunshi ne wannan na rowa. Bayan isha'i nakan zauna shiru in bi numfashina, ko da yake ba garwashi, sai fitilar waya. Abu mafi wuya shi ne asuba. Jikin da ya shekara talatin yana zabura ba ya koyon lamo a wata ɗaya. Amma ina koyo. Watan jiya na farka a gefen dama, na danne kaina, ban motsa ba, ban buɗe ido ba. Sai ga ni a ƙofar gidanmu na Dapaong. Na duba hannuna, ɗigon ya zama biyu. Tana tsugune gaban kasko, ta ba ni baya. Na ce, Mma ki juyo, na tsaya ban yi gaggawa ba. Ta fara juyowa. Na ga kunnenta, da ɗan kunnen azurfa, da gefen kumatu, sai ladan ya kira salla.

Da gari ya waye na kira Memuna a waya, tun kafin mu gaisa ta ce, "To, me aka gani?"

Na ce, "Kunne. Saura kaɗan."