Rigar Makarantar 'Ya'yan Indo

A bakin kakata na fara jin sunan Indo, wata rana tana tsintar wake a gidanmu na Omdurman, a ƙasar Sudan. Ta ce akwai 'yar ƙanenta a unguwar Alhilla Kuku, wadda ke da 'ya'ya biyu a makaranta amma ɗaya kawai makarantar ta sani. Na tambaye ta me hakan ke nufi, sai ta ce in miƙo mata tire.

Sai da na gama sakandare na san Inna Indo sosai, don ni ake aika wa gidajen dangi in ana biki ko rasuwa. Iyayenta aikin auduga suka yi a yankin Jazira. Ita kuwa kisra, wato siririyar wainar dawa, take toyawa tun asuba, ta kai wa masu abinci a kasuwar Suk al-Arabi. Zafin tanda ya ƙone mata 'yan yatsu har ba ta jin zafin kofin shayi. Mijinta ya daɗe da rasuwa.

Layla ce babba, ita aka sa a makaranta, ita aka ɗinka wa riga. Mayada, da ke bin ta da shekara ɗaya, aka ce ta jira baɗi. Baɗin bai zo ba. Layla kuma tana da sikila. In ciwon ya tashi takan yi mako biyu a kwance tana kukan ƙashi. Da shugabar makarantar ta aiko cewa za a cire sunanta saboda yawan fashi, sai Indo ta sa wa Mayada rigar, ta ɗaura mata ɗankwali, ta ce in an kira Layla ta amsa. Ajin a cike yake har bakin ƙofa, yaran kuma kamarsu ɗaya. 'Yan ajin sun sani, ba wanda ya faɗa.

Haka suka yi ta yi har aji shida. Layla ta iya Larabci da tarihi, lissafi kuwa kusan duk a kunnen Mayada ya faɗa, domin a lokacin sanyi aka fi koyar da shi, kuma da sanyi ciwon Layla ya fi tashi. Da na tambayi Mayada ko tana jin haushi, dariya ta yi, ta ce ita dai bulalar Layla ce ba ta son karɓa.

Har yau ban san yadda zan ɗauki abin ba. Kakata ta ce dabara ce, kawuna Jafaru ya ce ha'inci ne. Ni kuma kowanne ya yi magana sai in ga kamar shi ke da gaskiya.

Shekarar da ta gabaci ɓarkewar yaƙi a ƙasar, jarrabawar gama firamare ta matso, kuma mutum ɗaya ne zai zauna. In Layla ce, da wuya ta ci. In Mayada ce, sakamakon da sunan yayarta zai fito, ita ba ta da komai. Na je na tarar da Indo gaban tanda, rigar na rataye a igiya, yaran suna ɗaki ba sa magana da juna. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"'Yata, ke ce kika yi karatu a cikinmu. Ki zaunar da su ki yi musu tambayoyi, sannan ki zo ki faɗa mini wadda zan tura. Amma in sun tambaye ki, ki ce ni na zaɓa."