Wayar da na cire daga jiniyar Inna

Shekarun baya, lokacin da nake ganin babu matsalar da jar waya da baƙa ba za su warware ba, na yi wa mahaifiyata wani aiki da har yau ban gama tunaninsa ba.

Sana'ata haɗa wutar sola ce, a Batsari nake zaune. Bayan rasuwar mahaifinmu, mun yi mun yi da Inna ta dawo wurinmu, ta ce ita ba inda za ta, a ɗakinta na ƙauyenmu kusa da Zakka za ta ƙarasa kwananta. Ga hawan jini, ga ido ya yi rauni, wayar hannu ma ba ta ganin lambobinta. Maƙwabciyarta ce ke leƙa ta safe da yamma.

Sai dabara ta faɗo mini. Na sayo akwatin ƙararrawa irin na tsaron gida, da jiniya biyu. Ɗaya ƙarama ce ta cikin ɗaki, kukanta siriri kamar na gyare. Ɗayar babba ce mai bakin ƙaho, wadda ake kafawa a waje. Na ɗaura su a bayan babur na nufi gida, ina jin kaina kamar wani injiniyan ƙasar waje.

Na kafa akwatin a bangon ɗakinta, na haɗa shi da batirin sola. Na ja waya zuwa maɓalli a gefen gadonta, na ja wata zuwa ƙaramar jiniyar, sannan na bi da doguwar ta ƙarƙashin kwano har saman zaure inda na ɗaure babbar. Inna tana zaune kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, tana kallona.

"Kai ɗan nan, duk waɗannan igiyoyin na mene ne?"

"Inna, in kin ji jikinki ba daɗi, ki danna nan kawai. Duk unguwa za su ji."

"To, Allah ya yi albarka."

Abu ɗaya ne ban yi ba: ban gaya wa kowa a garin ba. Da hantsi ina gama ɗaure waya na ce ta gwada. Ta danna.

Jama'a, ban taɓa ganin gari ya watse cikin ƙiftawar ido irin na ranar ba. A shekarun nan kowa ya san halin da yankinmu ke ciki da 'yan bindiga, kunnen kowa a tsaye yake. Mata suka zubar da tuluna a bakin rijiya, masu awaki suka saki igiya, aka yi ta kwarara cikin gonaki ana salati. Ni kuwa ina saman tsani ina ɗaga hannu ina cewa gwaji ne, babu mai saurarona. Wani dattijo, abokin marigayi mahaifina, garin gudu ya faɗi ya karye a hannu.

Da ƙura ta lafa, mai unguwa ya zo da kansa. Bai ɗaga murya ba, shi ya fi yi mini ciwo.

"Yaro, ka san abin da mutanen nan suka gani a rayuwarsu kuwa? Ka zo ka busa musu wannan abu ba sallama?"

Na durƙusa na ba da haƙuri. Bayan ya fita, Inna ta dube ni, idonta cike da kunya.

"Hau ka kashe abin nan. Shekara nawa ina zaune da mutane lafiya, ba za a ce daga gidana aka karya bawan Allah ba."

"Inna, ki bari in yi musu bayani tukuna."

"Na ce ka kashe."

Irin wannan babbar jiniyar tana da nata batir a ciki, in aka yanke wayarta sai ta ɓarke da kuka da kanta. Don haka sai da na hau na zare batirin, sannan na buɗe akwatin na kwance wayarta, na naɗe bakin da tef. Na bar ƙaramar kawai. A raina na ce in hankali ya kwanta zan dawo wata Juma'a, a tara mutane bayan masallaci, in nuna musu bambancin wannan kuka da na tashin hankali, in mayar da wayar. Aikin minti biyar ne.

Damina ta shigo, hanya ta ɓaci, aiki ya yi yawa. Na je gida sau uku a tsakanin nan. Kowane zuwa sai in kalli akwatin in ce sai wani jiƙon, don har lokacin ina jin nauyin haɗa ido da mai unguwa.

Da kaka, ranar da kusan kowa ya tafi yankan gero, aka kira ni gab da la'asar. Maƙwabciyar Inna ce. Ta ce ta dawo daga gona, sai da ta shiga tsakar gida ta ji wani siririn kuka daga ɗakin Inna. Ta same ta a ƙasa gefen gado, ɓarin jikinta ya shanye.

A asibiti a Safana na same su. Na riƙe hannunta mai motsi, ta daɗe tana kallona, sannan ta yi magana da ƙyar, harshenta ya yi nauyi.

"Na danna... yadda ka ce."

Kwana uku ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Wurin zaman makoki dattijon nan da ya karye ya zo, ya zauna kusa da ni yana ba ni haƙuri. Cikin hira, ba da niyyar komai ba, ya ce, "Ai abin nan naka yana da murya. Ranar da ya yi kuka har masu aiki a fadama sun ji." Na sunkuyar da kai.

Bayan an watse na shiga ɗakinta na duba akwatin. Yana ajiye lokacin da aka taɓa maɓalli. Ƙarfe goma sha ɗaya da 'yan mintuna ya nuna.

Na san ajali ba ya jiran waya, kuma likita ma bai ce mini da an kawo ta da wuri za ta tashi ba. Na karɓi wannan. Abin da na kasa ajiyewa shi ne awa biyar ɗin nan da ta yi ita kaɗai a ƙasa, tana jiran wanda zai shigo. Ba na'ura ce ta gaza ba. Ni ne na fara aiki ban yi shawara da mutane ba, na kuma bar kunya ta hana ni gyara shi.

Yanzu duk gidan da aka kira ni kafa jiniya, sai na zaga maƙwabta ɗaya bayan ɗaya na gaya musu kafin in taɓa sukudireba. Wasu masu gida suna ganin ɓata lokaci ne, ba na yi musu dogon bayani.

Amma har gobe, in ƙarfe sha ɗaya na safe ta same ni a wurin aiki, nakan ajiye abin da ke hannuna in koma gefe in ɗan zauna. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.