Tarwadar Kawu

Har yau raina na ɓaci in na tuna. A ɗakina na unguwar Mile 2 ina kiwon ƙananan kifayen ado a akwatin gilashi, tun suna kamar ƙwayar shinkafa. Wata rana kawuna ya zo daga kasuwar Ogbete da tsarabar 'yar tarwada a leda, ya juye ta ciki da hannunsa.

Na ce, "Kawu, wannan cin ƙanana take yi."

Ya ce, "Haba ɗan boko, kifi ai ɗan'uwan kifi ne."

Ba a mayar wa babba kyautarsa, sai na haɗiye maganata. Tarwada kuwa ta haɗiye 'yan'uwan nata kaf. Da Kawu ya dawo ya leƙa, sai ya ce, "Ka ga tawa ta yi ƙiba. Naka ina suke? Ba ka iya kiwo ba."